Yadda Muka Karɓo Sani Daga Hannun Buzaye

Tun da muka dawo daga ƙasar mulkin Faransi ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a fadama a tambaye ni, ranar kasuwar Wurno kuwa har wanda ban taɓa gani ba sai ya riƙe mini hannun riga, wai da gaske ne hakiminmu ya yi wa maƙeri zuga? Da gaske ne. Amma kowa sai ya ɗauki guntun labari ya tafi ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa mun yi kokawa da Nasara a kan iyaka. Shi ya sa na zauna in faɗi abin daga tushe, har da wautar da na tafka, wadda da so samu ne da na binne ta.

Sunana Buhari, mutumin Lahodu. Ni da ƙanena Sani gero muke nomawa da damina, da rani mu gangara fadama mu yi albasa a wurin da mahaifinmu ya bar mana. Wata safiya Sani ya je ban ruwa ya iske taguwa, wato macen raƙumi, tsaye cikin fangalin albasarsa, ta ci wanda ta ci, ta tattake saura. Ta wani ayarin Buzaye ce da suka sauka kusa. Zuciya ta ɗebe shi, ya kai mata gatari a ƙafar baya, agara ta tsinke. Raƙumin da agararsa ta tsinke kuwa sai wuƙa. Buzayen ba su tsaya cacar baki ba. Suka ɗaure Sani, suka aza shi kan raƙumi, suka yi arewa. Bayan kwana uku muka ji sun ƙetare iyaka da shi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne kada su miƙa shi ga kumandan na Faransi, don wanda aka kai aikin hanya a can ba kasafai yakan dawo da lafiyarsa ba.

Samarin gari suka taru ƙofar hakimi da sanduna da kwari da baka, ni ne a gaba. Akwai wasu Buzaye huɗu masu sayar da gishiri a kasuwar Wurno, su muke so mu kama. Hakiminmu, Magaji Ummaru, tsoho ne ɗan ƙarami, mai sanyin magana har mutum ya ji kamar ya taya shi ƙarasawa. Ya fito ya zauna, ya bari muka gama hayaniyarmu tas.

Na ce, “Ranka shi daɗe, ka ba mu hanya. Sun kama namu, mu ma mu kama nasu.”

Ya ce, “Waɗanga na kasuwa, su sunka kama Sani?”

“A'a, amma danginsu na.”

“To in kun kama su, gobe danginsu wa za su kamawa? Akwai mutanenmu da ka kai goro da tufa can arewa, su ma ɗiyan wasu na. Buhari, ƙanenka kaka so, ko hwaɗa kaka so?”

Kafin azahar ya aika aka zo da masu gishirin nan, ya sauke su a gidansa, ya ce baƙinsa ne har ya dawo, wanda ya taɓa su shi ya taɓa. Na ga ana kai musu tuwo da man shanu alhali ƙanena na ɗaure, na ji kamar in haɗiye zuciya.

Washegari muka shiga Wurno gai da uban ƙasa. Ya ce in muna so a rubuta wa Di'o, Baturen mulki, shi kuma ya rubuta wa kumandan. Ni har na fara murna, don a ganina takardar Nasara ta fi bakin tsoho ƙarfi. Hakimi ya duƙa ya roƙi kwana goma. Ya ce, “In magana ta shiga hannun Nasara biyu ta bar hannunmu. Su doka za su dubawa, mu ko mutum muka biɗa.” Aka ba shi kwanakin, aka ba mu takardar wucewa, aka haɗa mu da tafinta, Malam Jibo mutumin Rabah, wanda ya yi fataucin gishiri da ƙuruciya har ya iya Buzanci. Mutum ne mai ƙiba, mai son labari, mai tsoron ruwa kamar akuya.

Mu uku muka tashi, hakimi bisa tsohuwar goɗiyarsa, mu biyu da jakai. Ya ce ba mai ɗaukar ƙarfe, har 'yar wuƙar da nake yanke farce sai da na bar ta. Kayan gaisuwa gero ne da goro da turmin tufa, ni kuma na ƙara da buhun gabu, busasshen ganyen albasar nan da muke dunƙulawa don miya.

A mashigin gulbi aka fara abin dariya. Ruwan bai wuce cinya ba, amma Malam Jibo ya kama wutsiyar goɗiyar hakimi ya rufe ido, yana ta jero addu'o'i kamar wanda za a yi wa kaciya. Ina cikin yi masa dariya jakina ya ga wurin ya yi masa, ya gurfana tsakiyar ruwa da buhun gabu a bayansa. Daga ranar har muka dawo, duk garin da za mu shiga wari ne ke riga mu isa.

A Goronyo muka sauka gidan wani marini. Matarsa ta dama mana fura mai kauri da nono, irin wadda in ka sha sai ka nemi inuwa. Na ɗauka da asuba za mu wuce, sai hakimi ya ɗauki buzunsa na zama ya tafi bakin marina ya zauna da tsofaffi. Yini guda cur! Ba ya tambayar komai sai tsohon zance: da can ina raƙuma ke bi, ina suke shan ruwa, wa ke sauke su. Ni ina kai da kawowa, ina cewa a raina wannan tsohon zai kashe mini ƙane da hira. Can wani makaho ya ce shi ya san labin raƙuma, hanyar da aka ware musu, tun yana jan akala, labin yakan biyo ta gefen Rimawa ya gangara har mashayar Lahodu, ya ratsa tsakanin wasu tsamiyoyi biyu. Tsamiyoyin nan na san su sarai, a inuwarsu nake cin abincin rana, don gonata ce tsakaninsu. Hakimi bai ko dube ni ba.

Rimawa mun yi niyyar shan ruwa kawai mu wuce, amma mai garin ya rantse sai mun ci tuwo. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka mai barkono, Malam Jibo yana ci yana hawaye yana neman ƙari. Wata tsohuwa da ta ji arewa za mu ta ba mu saƙon daddawa zuwa ga ɗanta, ba ta san garin da yake ba, ta dai ce dogo ne kuma yana da wushirya. Hakimi ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi wasiƙar sarki.

Daga nan kwana biyu muka yi muna keta ƙauyuka, gonaki na raguwa, ƙaya na ƙaruwa. Ni da nake jin ana cewa iyaka, iyaka, na zaci zan ga ganuwa da ƙofa. Ashe tarin duwatsu ne da wani ƙarfe a tsakiya, a cikin gonar wani bawan Allah, karan geronsa rabi a ƙasar Ingilishi rabi a ta Faransi. Gefe ga bukka, ga gardi da jar hula da bindiga. Ya yi mana tsawa da wani yare, da ya ga ba mu gane ba sai ya koma Hausa irin tamu sak, har ya ce uwarsa 'yar Goronyo ce. Ya duba takarda, ya kwance kaya, ya shaƙi buhuna ya ja da baya, sannan ya roƙi dunƙule biyu don matarsa. Da ya ji inda za mu ya rage murya.

Ya ce, “Ku yi hanzari. Kumandan na zuwa rangadi wajensu nan da kwana huɗu. Na ji an ce ranan nan za su ba da mutumin da sunka kamo.”

Ranar ce kaɗai na ga hakimi ya sa wa goɗiyarsa dunduniya.

Da hantsi washegari muka isa zangonsu. Tantunan fata ne jajaye a warwatse kusa da wata rijiya mai zurfi. Abin da ya fara ɗaure mini kai, mata fuska a buɗe suna zaune cikin maza suna magana da ƙarfi, maza kuwa a naɗe ruf, ido kaɗai ake gani, ko ruwa za su sha sai su cusa ƙoƙon ta ƙarƙashin amawalin rawani. Malam Jibo ya ce tantin ma na mace ne, in an yi faɗa namiji ke kwasar takalmansa. Na ce Allah ya sa kada wannan labari ya isa Lahodu.

Shugabansu, wanda suke kira Tambari, ya karɓe mu da mutunci. Gaisuwarsu ba ta ƙarewa, a shafa tafi a janye, a sake shafawa a janye. Aka kafa mana rumfa, aka kawo nonon raƙumi da fura da aka dama da cuku da dabino, wadda ban taɓa shan mai daɗinta ba. Aka yi shayi kofi uku, na farko ɗaci kamar maganin shawara. Tambari ya tambayi damina, ya tambayi lafiyar shanu, ya tambayi hanya. Sani kuwa ko sunansa ba a ambata ba, kuma ba mu gan shi ba. Hakimi shi ma bai tayar da zancen ba, sai yaba rijiyarsu yake yi. Haka yinin ya wuce.

Kashegari Malam Jibo ya tashi da gudawa, don ya yi wa nonon raƙumi shan fura, ya koma bayan wani dutse ya tare. Hakimi kuma Tambari ya ja shi ganin garke. Ina zaune ni kaɗai a rumfa sai ga wani mutum, riga duk baƙin gawayi, hannu duk tabon wuta, da jakar fata a kafaɗa. Da gani maƙeri ne. Ba sallamar kirki, ya zo ya zauna daram a kan buzun hakimi, ya dube ni ya ce da Hausa, “Kai ne wan mai gatari? To, me kuka zo da shi a baki?”

A garinmu maƙeri mutum ne mai daraja a maƙerarsa, amma ba ya hawa shimfiɗar hakimi, kuma ba shi ake gaya wa maganar manya ba. Na ɗauka tallar cokula da zobba ya kawo, ko roƙo. Ga haushin kwana da kwanaki na cina. Na fizge buzun daga ƙarƙashinsa, na ɓare goro na jefa masa ɓari, na ce, “Tashi ka ba mu wuri. Mu wurin manya munka zo.” Ya ɗauki goron ya juya shi, ya ajiye a inda ya faɗi, ya karkaɗe rigarsa ya tafi.

Da azahar ba a kawo nono ba. Da la'asar ba a kawo shayi ba. Matan da ke wucewa suna gaishe mu suka riƙa kewaye rumfarmu. Da Malam Jibo ya lallaɓo ya ji abin da ya faru, sai ya aza hannu biyu a ka.

Ya ce, “Buhari, ka kashe mu! Wurin mutanen ga, babba ba shi buɗe baki shi yi zancen abin da anka yi mai, kunya ta garai. Maƙeri ka yi mai magana. Shi ab bakin Tambari, shi ak kunnenai. Wanga da ka kora, sulhu ya zaka buɗewa.”

Saura kwana biyu kumandan ya iso, ga shi ni da hannuna na rufe ƙofar da muka yi tafiyar kwana biyar muna nema. Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu mini irin na ranar ba. Na jira hakimi ya zage ni, da ma ya zage ni ɗin da na ji sauƙi. Ya dai nisa ya ce, “Laihina na da ban tambayi al'adassu ba tun ga hanya. Taso mu tai.”

Maƙerar 'yar rumfa ce a ƙarshen zango. Mutumin, Agali sunansa, yana zaune yana gyaran linzamin raƙumi, hannu ɗaya na zuga, ɗaya na riƙe da awartaki. Muka yi sallama, bai ɗago ba. Hakimi ya tuɓe takalmansa, ya tattare babbar rigarsa, ya zauna cikin toka, ya miƙa hannu ya karɓi zugazugin. Ya fara zuga. Mutumin da a Lahodu ko butarsa ba a bari ya ɗauka! Tun ana leƙe daga nesa har mutane suka kewaye mu, ba ka jin komai sai fuu, fuu, da ƙarar guduma. Gumi ya jiƙa masa rawani, toka ta bi gemunsa. Na durƙusa na ce, “Baba Agali, na yi maka wauta, ban sani ba. Ka gahwarta mini don Allah.” Bai kula ni ba. Sai da ya gama linzamin ya tsoma a ruwa, sannan ya dubi hakimi.

Ya ce, “Tsoho, hannunka bai iya ba, kana kashe mini wuta.”

Hakimi ya ce, “Yau na hwara. In ka bar ni nan wata guda sai in gwane.”

Agali ya tuntsire da dariya, jama'a suka ɗauka. Ya juyo gare ni ya ce in je in ɗauko goron nan inda ya bar shi, in kawo masa da hannu biyu. Da gudu na je.

Washegari tun da safe aka shiga magana, kuma ban taɓa ganin irinta ba. Tsakanin rumfarmu da tantin Tambari bai fi taku talatin ba, in ya yi tari muna ji, amma Agali ne ke kai gwauro yana kai mari. Ya zo ya zazzage mu, ya koma can mu ji yana zazzage su, ba mai fushi, don shi an yarda ya faɗi abin da ya ga dama. Ya ce taguwar nan ita ke ciyar da tantin ƙanwar Tambari, ta kuma bar ɗa yana shan nono. Hakimi ya ce ba ya musu, a karɓi goɗiyarsa da turmin tufa, ko da yake ya san ba su kai ba. Agali ya je ya dawo ya ce an karɓa, amma ba wannan ce babbar magana ba. Babbar magana, ta ina raƙumi zai bi ya sha ruwa a Lahodu? Tun kakanni suna da hanya, yau sun zo sun iske albasa.

Hakimi ya ɗaga murya yadda za a ji a can tantin ba sai an kai ba. Ya ce, “Gaskiyassu. Wasu shekaru ayari ya bar zuwa, ni da kaina na yanka wurin na ba uban waɗanga. Ba Sani ya toshe labi ba, ni na toshe shi.” Sannan ya juyo gare ni. Yana da ikon ya ce an buɗe, a wuce wurin, amma bai yi ba. Ya ce, “Buhari, tsakanin tsamiyan nan gonakka ta. Ba ni amsawa sai ka amsa.”

Zan faɗi gaskiya ko da za a zage ni: raina bai so ba. Nan ne wuri mafi kyau a fadamar, albasar saura mako biyu a cire, kuma babu wani wurin da za a musanya mini kusa da ruwa. Na ce a fara nuna mini ƙanena. Agali ya yi kira, sai ga Sani ya fito daga bayan tantuna, ya rame, sawun igiya a wuyan hannunsa, yana riƙe da ƙwarya, ɗan taguwar nan maraya na biye da shi yana tunkuɗar bayansa. Ashe aikin da suka sa shi ke nan, shayar da shi. Ya tsaya ya ce, “Yaya.”

Na ce, “Na bari. A buɗe.”

Aka shafa fatiha. Tambari ya taso da kansa ya zo rumfarmu, ya zauna, ya ce da Hausa garau, “Hakimi, sannu da zuga.” Malam Jibo, wanda ya kwana uku yana fassara masa gaisuwa da gumi, ya saki baki. Aka aza shayi, na sha kofi ukun har da na ɗacin ban yamutsa fuska ba. Da kumandan ya iso kashegari muna can mun yi nisa.

Dawowa hakimi ne bisa jakina, ni da Sani a ƙasa. Gardin iyaka ya ƙirga mu ya ga mun tafi uku mun dawo huɗu, ya ce shi bai ga komai ba, a dai gai da Goronyo. Daddawar tsohuwa muka bar masa, ya yi alkawarin cigiyar dogo mai wushirya. A gida muka iske masu gishiri sun yi ƙiba har ba su son tafiya. Wasu samari sun yi gunaguni, wai an ba da doki an ba da gona, ina nasarar? Hakimi ya ce su je su tambayi uwar Sani. Inna kuwa da ta gan shi ba ta yi guɗa ba. Ta shafa fuskarsa, ta shafa wuyan hannunsa, ta ce, “Kai da gatari har abada,” sannan ta zauna ƙasa ta fashe da kuka.

Kwana biyu da dawowa, ni da Sani muka gangara muka tumɓuke albasar nan ɗanya, muka rushe fangali, muka cire shinge. Yanzu raƙuma ke bi tsakanin tsamiyoyin, wurin ya zama turɓaya da kashinsu. Masu tambayata ko abin na yi mini ciwo, yana yi, ba na ɓoyewa, har yau nakan kauda kai in na zo wucewa. Amma da yamma in aka kawo tuwo, mu biyu ke sa hannu a akushi.